Gane sinadaran da ke cikin kaya da nutiron masu gudu, ba tare da an fasa samfur ba

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwajin ma'adinai. Na'urar XRF, mai auna sinadarai da hasken X, da muke da ita ba ta ganin kabon da oksijin, kuma fatar samfur kawai take karantawa, dole sai mun niƙa. Na ji ana harba wa kaya nutiron masu gudu, a auna hasken gamma da ya fito, a san abin da ke ciki ba a fasa ba. Yaya abin yake aiki, me ake buƙata, a ina ake tuntuɓe? Kuma zai nuna mana zinariya a cikin dutse?

Amsa: Malam, hanyar tana aiki, kuma ta daɗe a hannun masu haƙar mai da masu binciken kaya a tashar jirgin ruwa. Sai dai tun farko ka san gonarta. Gwanintarta ita ce manyan sinadarai, waɗanda suka kai kashi ɗaya cikin ɗari ko kusa da haka, a cikin samfur mai kauri na kilo-kilo: buhun kwal, duro a rufe, ƙasar gona, dutsen siminti a kan bel. Maganar zinariya zan bar ta zuwa ƙarshe, don amsarta ba za ta yi maka daɗi ba.

Abin da ya sa take ganin ciki shi ne nutiron ba shi da caji, saboda haka lantarkin da ke kewaye da atam ba ya tare shi, sai ya ci karo da cibiyar atam ɗin kanta. Nutiron mai ƙarfin MeV 14 (MeV ma'aunin ƙarfin nutiron ko gamma ne) yakan yi tafiyar wajen santimita 10 a cikin ruwa kafin karon farko, a baƙin ƙarfe kuwa santimita 4 zuwa 5. Hasken gamma da ke dawowa shi ma mai ratsawa ne: na kabon, MeV 4.44, sai ya keta ruwa wajen santimita 20 kafin rabinsa ya ɓace. Hasken da XRF ke karantawa kuwa 'yan keV ne (keV kashi ɗaya ne cikin dubu na MeV), daga ƙurar saman samfur zuwa milimita ɗaya ko biyu yake iya fitowa.

Idan nutiron ya shiga samfur, abu uku ke haifar da gamma, kuma lokacin fitowarsu ya bambanta. Duk wanda ya riƙe wannan bambancin lokaci ya riƙe rabin sana'ar.

Na farko karo ne mai girgiza cibiya. Nutiron ya bugi cibiya, ya bar mata wani ɓangare na ƙarfinsa ya wuce, ita kuma nan take ta amayar da ƙarfin a matsayin gamma, kamar tartsatsin da ke tashi idan maƙeri ya bugi jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Kowane sinadari da lambarsa, wato ƙarfin gamman da yake fitarwa, wanda ake kira layinsa: kabon MeV 4.44, oksijin 6.13, silikon 1.78, baƙin ƙarfe 0.847, magniziyam 1.37, kalsiyam 3.74, farar wuta 2.23, naitirojin 2.31 da 5.11. Akwai sharaɗi: dole ƙarfin nutiron ya haura matakin da cibiyar ke buƙata. Kabon ba ya motsi sai nutiron ya kai wajen MeV 4.8, oksijin sai wajen 6.5. Haidirojin ba ya ba da komai ta wannan hanya, don cibiyarsa furoton guda ce, ba ta da matakin da za ta hau.

Na biyu haɗiya ce. Bayan nutiron ya yi ta karo, musamman da haidirojin, gudunsa ya mutu, sai wata cibiya ta haɗiye shi ta fitar da gamma. Wannan na ɗaukar daga 'yan mikrosakan zuwa ɗaruruwansu. A cikin ruwa tsantsa nutiron mai sanyi yakan rayu wajen mikrosakan 200. Mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. A nan ne haidirojin ke magana da MeV 2.223, kilorin da 6.11 da 1.95 da 1.16, baƙin ƙarfe da tagwayen layi 7.63 da 7.65, silikon da 3.54 da 4.93, kalsiyam da 1.94 da 6.42, naitirojin da 10.83. Kabon da oksijin kusan bebaye ne a nan, ba sa son haɗiye nutiron mai sanyi, shi ya sa ake neman masu gudu tun asali.

Na uku shi ne garwashin da ke saura bayan an kashe wuta. Nutiron ya juya cibiya zuwa wata mai ruɓewa a hankali. Oksijin-16 ya koma naitirojin-16, wanda rabinsa ke ƙarewa duk sakan 7.13, yana fitar da MeV 6.13, wannan juyi yana buƙatar nutiron da ya haura MeV 10. Silikon-28 ya koma alminiyam-28, minti 2.24, MeV 1.78. Baƙin ƙarfe-56 ya koma manganis-56, awa 2.58, MeV 0.847 da 1.81. Alminiyam-27 ya koma magniziyam-27 mai minti 9.5, ko sodiyam-24 mai awa 15.

Ga batun inda za ka samo nutiron. Idan kabon da oksijin kake nema, zaɓinka janaretan D-T ne. Bututu ne a rufe, ana tura ditiriyam da bolt dubu 80 zuwa dubu 100 ya bugi faranti mai ɗauke da tiritiyam (su biyun nau'o'in haidirojin ne masu nauyi, su ne D da T), a sami nutiron mai MeV 14.1 da ƙwayar alfa, wato cibiyar hiliyam, mai MeV 3.5. Na ɗauka-da-hannu sukan ba da wajen nutiron miliyan 100 a sakan. Ana kashe shi a kunna, kuma ana iya sa shi ya riƙa harbi bugu-bugu. Bututun yana tsufa: farantin yana cinyewa da aiki, tiritiyam kuma rabinsa na ƙarewa cikin shekara 12.3 ko da an ajiye shi a kwali. Ka tambayi mai sayarwa awa nawa bututun ke yi a yawan nutiron ɗin da za ka yi aiki da shi, da kuɗin sake shi, kafin ka tambayi kuɗin janaretan. Akwai ɗan'uwansa D-D, ba shi da tiritiyam, takardunsa sun fi sauƙi, amma nutiron ɗinsa MeV 2.45 ne. Duba matakan da na ambata a sama: ba zai taɓa motsa kabon ko oksijin ba.

Am-Be, wato garin amerisiyam da beriliyam a kwanson ƙarfe, yana ba da wajen nutiron miliyan 2.2 a sakan ga kowane kuri ɗaya (kuri ma'aunin yawan ruɓewar amerisiyam ɗin ne), matsakaicin ƙarfinsu MeV 4 da ɗoriya. Yana da tarko: hanyar da yake haifar da nutiron tana barin cibiyar kabon-12 a girgize, saboda haka shi kansa yana feso gamma mai MeV 4.44, daidai layin da kake son aunawa. Neman kabon da Am-Be kamar neman hasken ashana ne a gaban fitilar mota. Kaliforniyam-252 yana ba da nutiron miliyan 2.3 a sakan ga mikrogiram guda, amma matsakaicin ƙarfinsu bai fi MeV 2 da kaɗan ba, rabinsa kuma na ƙarewa cikin shekara 2.6. Shi ne ke cikin yawancin na'urorin da ke karanta dutsen siminti a kan bel, inda haɗiya ce ke aiki. Waɗannan biyun ba su da makunni, dare da rana suna harbi.

Na'urar kama gamma ita ce inda mutane suka fi kashe kuɗi a banza. Kowa yana jin jamaniyam tsantsa, HPGe, ya fi kaifin gani, kuma gaskiya ne: faɗin layinsa wajen keV 2 ne a layin keV 1332. To amma sai an sanyaya shi zuwa kusan sanyin ruwan naitirojin, yana da nawa wajen ƙirga, kuma nutiron masu gudu suna farfasa tsarin kiristal ɗinsa. Idan abin da ya sha ya kai nutiron miliyan ɗari zuwa biliyan a kowane murabba'in santimita, layuka sukan fara yin jela ta gefen ƙasa. Nau'in n ya fi nau'in p juriya, kuma ana iya gasa kiristal ɗin a farfaɗo da shi. Alamar cewa nutiron na isa gare shi ita ce wasu tozaye biyu masu siffar haƙorin zarto a keV 596 da 691 a cikin jadawali, wato zanen da ke jera gamman da aka ƙirga bisa ƙarfinsu. Wani abin kuma, kaifin nasa ba ya amfanar kabon sosai. Cibiyar kabon tana fitar da gamma tun tana cikin gudun da karo ya ba ta, sai layin 4.44 ya baje ya kai faɗin keV goma-goma har kusan ɗari, ko da wace na'ura aka duba shi.

NaI, wato kiristal na sodiyam da aidin, shi ne mai araha, ana samun manyansa, kaifinsa wajen kashi 7 cikin ɗari a keV 662. Aibinsa: aidin da sodiyam ɗin da ke jikinsa suna haɗiyar nutiron, aidin-128 mai minti 25 ya taru, hayaniya ta riƙa ƙaruwa yayin da yini ke tafiya. BGO, kiristal na bismut da jamaniyam da oksijin, ya ninka shi nauyi kusan sau biyu, giram 7.13 a kowane santimita kubik, don haka ya fi kama gamma mai ƙarfi, amma ganinsa dishi-dishi ne, kashi 10 zuwa 12, akwai oksijin a jikinsa, kuma haskensa na raguwa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. A ɗakin da safiya ke da digiri 22 azahar ta kai 38, tozon oksijin zai yi ƙaura da wajen MeV ɗaya idan ba a tsare zafin ba. A ganina, ga wanda zai yi aiki da D-T, LaBr3, kiristal na lantanam da buromin, ya fi dacewa: kaifi wajen kashi 3, walƙiyarsa na mutuwa cikin nanosakan 16 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), alhali ta NaI na ɗaukar wajen 250, ta BGO 300. Yana da tsada, kuma yana da hayaniyar cikin gida daga lantanam-138 a wajen MeV 1.44 zuwa 1.47, wadda ma za ka iya mayar da ita alamar da kake bin ƙaurar ma'auni da ita.

Shimfiɗar kayan aiki kuwa, ƙa'idarta ɗaya: na'urar kama gamma ta ga samfur, kada ta ga janareta. Ana sa sandar garkuwa tsakaninsu, santimita 20 zuwa 30 na tongistin ko baƙin ƙarfe don rage gudun nutiron, sai roba mai boron ko litiyam ta shanye waɗanda suka yi sanyi, sai ɗan siririn dalma a bakin na'ura. Matsalar ita ce kowace garkuwa tana da bakinta. Robar polietilin kabon ce da haidirojin, tana ba da 4.44 da 2.223. Boron yana ba da keV 478 da yawan gaske. Dalma tana ba da MeV 2.61 da 0.80, baƙin ƙarfe 0.847. Daɓen kankare da bango suna ba da oksijin da silikon da kalsiyam. Teburin katako kabon ne da oksijin. Don haka ka zaɓi garkuwa bisa abin da kake nema: mai neman kabon ya nisanta roba daga idon na'ura, mai neman ƙarfe ya yi amfani da tongistin, wanda yake son ƙasan jadawali a share ya sa litiyam-6 a madadin boron, don shi yana haɗiyar nutiron ba ya fitar da gamma. A ɗaga komai sama da daɓe aƙalla mita ɗaya a kan siririn firam, a nisanci bango. Kusurwa ma tana da tasiri: gamman kabon ba ya fita daidai ta kowane ɓangare, shi ya sa masu auna na ƙwarai suke son kusurwar digiri 125 daga hanyar nutiron. Ko ba ka bi wannan ba, kusurwar da ka yi saiti da ita kada ta canja.

Yanzu lokaci. Tsarin da aka saba, wanda George Vourvopoulos da abokan aikinsa suka yi fice da shi a Jami'ar Western Kentucky ta Amurka, shi ne janareta ya yi harbi na mikrosakan 10, ya yi shiru na 90, sau dubu 10 a sakan. Abin da aka kama cikin harbi a zuba a jadawali na ɗaya, galibinsa karo ne. Abin da aka kama cikin shiru a zuba a na biyu, haɗiya ce. Bayan wasu ɗaruruwan bugu a tsaya na 'yan milisakan, ko a kashe gaba ɗaya a ƙarshen aiki, a kama garwashi a na uku. Jadawalin farko ba tsarkakakke ba ne, don haɗiyar bugun baya tana ci gaba a ƙarƙashinsa. Sai an cire wani kaso na jadawali na biyu daga cikinsa. Yadda za ka gane kason ya yi daidai: tozon haidirojin na 2.223 ya ɓace daga jadawalin karo, tunda haidirojin ba ya ba da gamman karo. Idan ya saura, abin da ka cire ya yi kaɗan. Idan rami ya bayyana a gurbinsa, ka zarce.

Akwai abin da bugu-bugu ke ɓoyewa. Idan janareta yana harbi kashi 10 cikin ɗari na lokaci, to cunkoson gamma a cikin harbin ya ninka matsakaicin da kwamfuta ke nuna maka sau goma. Gamma biyu su shigo tare, na'ura ta ƙirga su a matsayin guda mai ƙarfin jimillarsu, tozaye su ragu, wani tudu na ƙarya ya taso a sama. Maganinsa a rage ƙarfin janareta ko a ja na'ura baya. Sau da yawa rage nutiron ne ke gyara sakamako, abin da sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gani.

Inda aka fi faɗuwa shi ne layukan da ke hawa kan juna, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Gamma mai ƙarfi idan ya shiga kiristal yakan haifi lantarki da kishiyarsa, su kuma su ƙare da gamma biyu masu keV 511. Ɗaya ko duka biyun na iya tserewa. Saboda haka kowane babban layi yana zuwa da 'ya'ya biyu, ɗaya ƙasa da shi da keV 511, ɗaya da 1022. Oksijin na 6.13 yana haifar da 5.62 da 5.11. Ka ga matsalar? Wannan 5.11 ɗin ya zauna daram a kan layin naitirojin na 5.11. Kwalbar ruwa zalla za ta nuna maka naitirojin idan ba ka cire rabon oksijin ba. Haka kabon: nutiron mai MeV 14 yana iya fasa oksijin-16 ya fitar da alfa ya bar kabon-12 a girgize, sai ga 4.44 daga yashin da babu ko ƙwayar kabon a cikinsa. Naitirojin ma yana ba da layi a wajen 4.44 ta hanyar boron-11. Ga mai auna kabon a ƙasar gona, inda oksijin ya kai kusan rabin nauyi kabon kuwa kashi ɗaya ko biyu, wannan gyaran shi ne aikin gaba ɗaya. Oksijin yana kuma ba da 3.68 da 3.85, waɗanda suka sa kalsiyam na 3.74 a tsakiya, ga ɗan kabon na 3.93 a gefe. Farar wuta 2.230 da haidirojin 2.223 da alminiyam 2.211, NaI da BGO tozo ɗaya za su nuna maka. Raba su da lokaci ake yi, farar wuta a jadawalin karo, haidirojin a na haɗiya. Kilorin 6.11 da oksijin 6.13 haka nan, wanda ke damun masu aiki da ruwan gishiri. Alminiyam 0.844 da baƙin ƙarfe 0.847 su ma suna hawa kan juna. Silikon na 1.78 kuwa yana da masu kwaikwayonsa biyu: alminiyam idan ya haɗiyi nutiron mai sanyi, da fosfaras idan mai gudu ya fasa shi, duka suna komawa alminiyam-28. Idan firam ɗinka na alminiyam ne, za ka ga silikon yana ƙaruwa minti bayan minti. A ma'aunin oksijin ta garwashi, fulorin ma yana haifar da naitirojin-16, don haka a guji robar Teflon a mazubin samfur.

Saboda wannan cakuɗa, auna tozo ɗaya-ɗaya ba ya kai mutum ko'ina idan ba jamaniyam yake amfani da shi ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauki jadawalin kowane sinadari shi kaɗai a shimfiɗa ɗaya: girafayit don kabon, ruwa don oksijin da haidirojin, yashin silika don silikon, melamin don naitirojin, guntun ƙarfe, garin farar wuta. Sannan kwamfuta ta nemo nawa za a ɗebo daga kowanne a haɗa ya ba da jadawalin samfur, har da na fili ba samfur. Bayan lissafi ka duba abin da ya saura. Idan saurar tana da tozo, akwai sinadarin da ba ka sa a jerin ba, kuma kwamfuta ta raba rabonsa ga maƙwabtansa ba ta gaya maka ba. Inda ba a iya samun tsantsar sinadari, ana kwaikwayon jadawalin da manhajar MCNP ta Los Alamos ko Geant4 ta CERN, amma kullum a gwada kwaikwayon da ainihin awo, don bayanan yawan gamma na MeV 14 ba su cika daidai ga kowane sinadari ba.

Bari mu yi lissafin misali don ka ga tsawon lokacin da ake buƙata. Samfur kilo ɗaya, kashi 10 cikin ɗari kabon ne, wato giram 100. Yana nisan santimita 30 daga janareta mai miliyan 100, nutiron wajen 8,800 ke ratsa kowane murabba'in santimita a sakan. Damar kabon ya ba da 4.44 wajen milibarn 200 ce (milibarn ma'aunin damar karo ne), saboda haka gamma wajen 8,800 a sakan ke tashi. Kiristal mai inci 3 a nisan santimita 25 yana tare kusan 6 cikin dubu na wannan, kuma a ce ɗaya cikin goma ne ke faɗawa cikin tozo: ƙirga 5 a sakan, 3,000 a minti 10. Idan hayaniyar da ke ƙarƙashin tozon ta kai 30,000, kuskurenka wajen 250 ne, kashi 8 cikin ɗari na awon. Don ka raba kuskuren biyu sai ka ninka lokaci sau huɗu. Rage hayaniya da gyaran garkuwa ya fi wannan arha nesa ba kusa ba.

A aikin yau da kullum, a bar janareta da na'ura su ɗumama har ƙirgar nutiron ta tsaya. A saita ma'aunin ƙarfi da siziyam-137 na keV 662 da kobalt-60 na 1173 da 1332, amma kada a tsaya nan: jan layi miƙaƙƙe daga MeV 1.3 zuwa 7 yana ɓatar da mutum, musamman a LaBr3 da haskensa ke cika bututun ƙara sigina har ma'auni ya lanƙwashe a sama. A ƙara da 2.223 da 6.13 da 7.63 daga cikin awon kansa. A ɗauki jadawalin fili safe da yamma. A raba kowane awo da yawan nutiron da aka harba a zahiri, ta na'urar sa ido ta daban ko ƙirgar alfa, don fitar janareta tana hawa da sauka. Raba shi da minti kuskure ne. A jera samfura daga mai ƙarancin ƙarfe da alminiyam zuwa mai yawa, a ba da tazara tsakani don garwashi ya lafa.

Danshi da cikar samfur suna canja komai. Ruwa kaɗan a cikin kwal yana ƙara yawan nutiron masu sanyi, duk layukan haɗiya su tashi alhali sinadaran ba su ƙaru ba. Ɗan boron ko kilorin ko gadoliniyam kuma yana shanye su, layukan su faɗi. Layukan karo sun fi juriya ga wannan. Shi ya sa ake son ba da sakamako a matsayin rabo, kabon bisa oksijin, kalsiyam bisa silikon, don abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Masu haƙar mai da rabon kabon bisa oksijin suke gane mai ne ko ruwa a bayan bututun ƙarfe da simintin rijiya. Samfuran saiti dole su yi kama da na aiki a girma da nauyi da danshi da mazubi. Saitin da aka yi da busasshen gari a gwangwani ba zai karanta jiƙaƙƙen tsakuwa a buhu ba.

Idan abin da kake nema yana ɓoye a wani lungu na babban kaya, akwai dabarar bin alfa. Nutiron da alfa suna fita baya-da-baya, don haka na'urar kama alfa da ke cikin bututun tana gaya maka lokacin da nutiron ya tashi da inda ya nufa. Nutiron mai MeV 14 yana cin wajen santimita 5 a nanosakan, gamma 30. Daga tazarar lokaci tsakanin alfa da gamma sai a san zurfin da karon ya faru, kuskuren nanosakan ɗaya ya zama santimita 5. Duk gamman da bai zo a kan lokaci ba, na bango ne ko na garkuwa, a watsar. Da wannan dabara shirin EURITRACK na Tarayyar Turai ya gwada binciken kwantena a tashar Rijeka ta ƙasar Kuroshiya. Iyakarta ita ce ba a cika ƙarfin janareta, don haɗuwar katsaham tsakanin alfa da gamman da ba nasa ba tana ƙaruwa da sauri, kuma ba ta ganin haɗiya, wato ba ta ganin haidirojin.

Ka kuma tuna atam take ƙirgawa, ba ta san yadda suka ɗaure da juna ba. TNT, wani abin fashewa, yana da kabon 7, naitirojin 3, oksijin 6. RDX, shi ma abin fashewa, 3 da 6 da 6. Hodar ibilis 17 da 1 da 4. Rabon ne ke bambanta su da shinkafa ko atamfa, kuma kayan halal masu yawan naitirojin, irin takin zamani, kan rikita lissafi. A ɗakinku ma haka: kabon na kwal da kabon na farar ƙasa layi ɗaya suke bayarwa, sai ka duba kalsiyam ka cire rabon farar ƙasar.

Samfur ba ya lalacewa, amma yakan ɗan riƙe garwashi. Oksijin ya huce cikin minti ɗaya, silikon cikin rubu'in awa zuwa rabi, ƙarfe da alminiyam su ne masu jan awanni zuwa kwana. A auna da mita kafin a mayar wa mai kaya. Haɗarin gaske yana wajen janareta yana aiki: miliyan 100 a sakan ba garkuwa yana ba da wajen milisibat 1.5 (ma'aunin hasken nukiliya da jiki ya sha) a awa a nisan mita ɗaya. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, ta sauran jama'a 1. Wato awa 13 ta cinye ta ma'aikaci, minti 40 ta cinye ta mai wucewa. A mita 10 ya sauko zuwa mikrosibat 15 a awa. Kankare wajen santimita 40 ne ke rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma. Ana buƙatar ɗaki mai kaurin bango, ƙofar da ke kashe janareta da an buɗe ta, fitilar gargaɗi, da mitar nutiron ta musamman, don mitar Geiger ta gama-gari kusan makauniya ce ga nutiron. A kula da rufi, nutiron na fita ta sama iska ta dawo da su tsakar gida. A Najeriya ba a shigo da janareta ko Am-Be, ba a kuma aiki da su, sai da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya, kuma a fara neman takardun kafin a biya kuɗin kaya.

Zinariya kuwa, dutsen da ake murna da shi giram kaɗan yake ɗauke da shi a tan guda, wato 'yan kaso cikin miliyan. Wannan ya yi ƙasa da abin da gamman karo ke gani sau dubbai. Siginarta za ta nutse cikin ta silikon da oksijin. Zinariya tana da wani mataki mai sakan 7.7 da ke ba da keV 279, kuma shi ne na'urar PhotonAssay da aka ƙirƙiro a Ostareliya ke tayarwa, amma da hasken X mai ƙarfin gaske take yi, ba da nutiron ba. Ta hanyar nutiron, abin da ke kaiwa ga wannan ƙanƙanta shi ne a sa ɗan samfur a cikin riyakta, wato tukunyar nukiliya, zinariya-197 ta koma 198 mai kwana 2.7, a ƙirga keV 412 da jamaniyam bayan sauran sun huce. Irin aikin da riyaktar bincike ta NIRR-1 da ke cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aka gina ta dominsa ke nan, haka GHARR-1 da ke kusa da Akara a Gana. Samfurin can ƙasa da giram ɗaya ne, don haka sai an niƙa an gauraya sosai, kuma zinariya mai zuwa ƙwaya-ƙwaya tana iya kuɓucewa ɗan abin da aka ɗiba. A tura kashi uku ko huɗu daga kowane samfur, a gwada sakamakon da na narkarwa da wuta.